Direban tirela da ƙugiyar da ta ƙi sakuwa

Zauna in ba ka wani misali. An yi wani direba, ƙaƙƙarfan mutum mai faɗin ƙirji, wanda ya shekara goma sha biyar yana jan babbar motar katako kafin maigidansa ya damƙa masa tirela. Wata biyu kacal ya yi da ita, amma a ganinsa mota mota ce, kuma duk ƙarfen da ya yi masa gardama damtsensa zai lanƙwasa shi. Wata rana da tsakar bazara, ya ɗauko taki daga Bauchi, sai ya tarar da wata tirelar shanu a gefen hanya kafin Darazo. Injinta ya buga tun hantsi, an zare kan motar an tura shi gefe, direbanta ya tafi gari neman makaniki. Shanu arba'in ne cunkushe a ciki, rana na dukansu, biyu sun riga sun durƙushe. Mai shanun, wani dattijo siriri da sanda a kafaɗa, ya tare shi yana roƙo. Direba ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Yanzu zan ajiye nawa bodin a nan, in ja naka zuwa inda akwai ruwa da wurin sauke su. Aikin minti biyar ne."

To, abin da ke haɗa kan mota da bodin tirela wani farantin ƙarfe ne mai baki, shafe da giris. A ƙarƙashin bodin akwai wata gajeriyar ƙusa mai kaurin dantse, ita ke shiga bakin farantin, haƙoran ƙarfe su cije ta. In za a raba su, sai a ja wani mariƙi a gefe, haƙoran su buɗe. Direba ya sauke ƙafafun bodi, ya tokare tayoyi da duwatsu, ya cire tiyon iska, ya kama mariƙi ya ja. Ko motsi. Ya sa hannu biyu, ya dafa taya da ƙafa, ya ja har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya ɗauko guduma ya yi ta dukansa. Da abin ya ishe shi sai ya hau mota ya sa giya ya taka totur, wai ya fizge kan da ƙarfi, bodin ya yi ƙara, ƙafafunsa suka karta ƙasa kamar za su lanƙwashe. Ya sauko ya sake ja, sai ya ji mariƙin ya ma fi ɗazu tauri. Wurin da ya tsaya ɗan gangare ne, kan motar ya rinjaya gaba, ƙusar ta danne haƙoran da nauyin buhu ɗari shida, kuma duk fizgar da ya yi ƙara danne su take. Can cikin ɗaya tirelar wata saniya ta sake faɗuwa, gumi ya jiƙa masa riga, kunya ta fara kama shi.

Dattijon nan bai taɓa riƙe sitiyari ba, amma ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin bodin, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ɗana, ni ban san mota ba. Amma in bijimi ya ja igiya ya tsuke ƙulli, ba mai iya kwance shi, ko wane ne. Sai an mai da shi kusa da turke, igiya ta yi sako-sako. Kai kuwa tun ɗazu gaba kake ja."

Maganar ta sosa wa direba rai, don mutane sun taru suna kallo, kuma komawa baya a gabansu kamar amsa cewa ƙarfe ya kayar da shi ne. Ya share gumi. Sai ya hau, ya sa ribas, ya saki birki a hankali, kan motar ya matsa baya abin da bai fi faɗin tafin hannu ba, ya danne birki ya sauko. Da hannu ɗaya ya ja mariƙin, haƙoran suka buɗe kamar ba su taɓa cizo ba. Ya hau, ya fitar da kan motar daga ƙarƙashin bodinsa, ya shiga ƙarƙashin na shanu da baya, ya ji ƙusa ta zauna, ya sunkuya ya duba da idonsa ya tabbatar haƙora sun rufe, sannan ya ja. Kafin la'asar shanun na shan ruwa a bakin tafki. Guda ɗaya ce aka yanka, wadda ta faɗi lokacin da yake ta fama da mariƙin, kuma ita ce bai manta ba har ya tsufa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.