Sunan da Ban Taɓa Kamawa Ba

Ina tsince shinkafa akwatin bango ya sanar da ni an canza doka: duk muryar mamacin da ke ajiye a cikinsa, sai an kira shi da sunan katin shaidarsa kafin ta amsa.

Muryar ɗana na fari ce a nawa. Shekara talatin da huɗu ya yi a duniya ban taɓa kama sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari. Yayan Kande nake ce masa, da haka kuma ya saita akwatin kafin ya rasu.

Na je ofishin masu akwatin. Ma'aikaciyar ta ce, "Mama, kalma ɗaya ce fa."

Na ce, "Ke uwarki tana kiran babban yayanku da suna?"

Ta ce, "Har da zagi ma."

Ranar Juma'a ƙanwarsa Kande takan zo ta kira min shi mu gaisa. Sauran kwanakin, in na idar da sallar asuba, nakan goge akwatin da haɓar zanena in ce, "Yayan Kande, an tashi lafiya?" Ba ya amsawa. Sai in ɗora ruwan koko.