Casa'in da Huɗu

Tun da aka kafa dokar awo, ba mai samun kujerar Makka sai ma'aunin unguwa ya shaida bai kai kilo casa'in ba. Wata bakwai Lantana tana zagaye filin makaranta kullum da sassafe. Ta bar tuwo da man shanu, ta koma dafaffen zogale ko ƙuli babu. Zanenta har zamewa yake daga ƙugu, amma duk Asabar ma'aunin sai ya ce casa'in da huɗu.

"Anya injin nan ba haddace ni ya yi ba?" ta ce da ƙanwarta Kande, wadda iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka. "Sa hijabina da niƙabina, ga katina, je ki hau."

Kande ta hau, Lantana na leƙe daga bayan darbejiya.

"Casa'in da huɗu," in ji ma'aunin cikin ladabi. "Ana samun shayin rage ƙiba a tagar dama."

Sai ya ɗaga murya: "Malama Lantana, fito daga bayan bishiyar nan. Tsayuwa ba motsa jiki ba ce."