Ƙwayar Safe ta Alhaji Uwaisu

Alhaji Uwaisu ya tuɓe babbar riga, ya tuɓe 'yar ciki, ya kau da kai don kada ya ga abin da likita ke gani. Nonuwa ne, kamar na 'yar shekara sha uku, a ƙirjin ɗan kwangilar da simintinsa ya cika jiragen ruwa uku a Legas.

Ba wanda ya san ya fito. Sulalewa ya yi daga gidan ɗansa Lawal a Landan, ya hau tasi zuwa unguwar Marylebone, wurin Dakta Bot, mutumin Jos. Lawal ma likita ne, amma ai ba a kai wa kura ƙarar ɓatan akuya.

To, wa zai zarga? Tun ɗan aikin fitsarin da aka yi masa bara, yaron ya hana shi komawa Kano. Kullum safiya shi ke miƙo masa farar ƙwaya, wai ta ciwon baya, ya tsaya a kansa sai ya haɗiye. Yaron da a da ba ya barin gardama ta kwana, yanzu ko zaginsa aka yi sai ya sunkuyar da kai. Ran Juma'a, suna fitowa masallaci, har da cewa ya kamata Baba ya rubuta wasiyya. Marar mutunci! A mai da uba mace, a gaje shi da rai. Alhaji ya rantse in ta tabbata, yau ɗin nan zai tsine masa.

Dakta Bot ya matsa ƙarƙashin kan nonon da yatsu biyu, ya ji ƙullutu kamar roba. Ɗayan ma haka. Ya latsa wajen hanta, ya duba 'ya'yan maraina.

"Baba, kana taɓa giya?"

"Ubanka ke taɓawa!"

"Magani fa?"

Alhaji ya zaro kwalbar ƙwayar da ya sato daga jakar Lawal, ya dangwara a tebur. Shi bai iya karatun boko ba. Ga mai iyawa nan.

Likitan ya karanta, ya saki ajiyar zuciya.

"Haba Baba, da ka nuna mini tun farko! Duk namijin da ke shan wannan sai ya yi nono. Kada ka kuskura ka daina, shi ke riƙe da kai." Ya jawo takarda, ya buɗe alƙalami. "Yaushe suka gaya maka ciwon dajin ya kai ƙashin baya?"