Gwajin Man Kwakwa

"Ta sake kwaikwayon ki," in ji mijin Litiana.

Duk bidiyon da Litiana ta yi tana koyar da sirrin man kwakwa, sai Vasemaca, maƙwabciyar rumfarta a kasuwar Suva, ta maimaita shi kamar aku, ta kwashe mata masu saye.

"Ƙyale ta, akwai sauran darasi," in ji Litiana.

Ta ɗora sabon bidiyo: "Ku sa man a firji. Mai kyau zai daskare duka, mai algus zai bar ruwa-ruwa a sama."

Nan take Vasemaca ta maimaita wa mabiyanta.

Washegari rumfar Vasemaca ta cika maƙil, kowa riƙe da kwalba mai sanyi ta man da ya saya a wurinta, rabinta bai daskare ba.

Litiana ta leƙo. "Ƙawata, yau kam kin yi kasuwa."