Ƙarar Motar Baba

"Tayar da ita, jami'ai su zo su ɗauke ta su niƙe," in ji Yaya Dije. "Ka manta turakun fitilun layin nan suna da kunne?"

Ƙanenta Tanimu ya ce, "Sau ɗaya, Yaya. In ji ƙararta kawai."

"Ƙarar ce za ta dawo da Baba?"

Tun da aka hana mota mai shan fetur, motocin gari shiru suke wucewa kamar inuwa. Tanimu kuwa tun rasuwar mahaifinsu ya ɓoye tsohuwar Fijo ɗin Baban a gareji, yana kankare tsatsa, yana wanke fulogi, har ya samo fetur a kwalbar lemo.

Ya murɗa makulli. Ta yi tari, ta sake yi, sannan ta kama. A waje, fitilar turken ta koma ja.

Sai ga mahaifiyarsu, wadda ta daɗe da daina gane 'ya'yanta, ta fito da kwanon ruwan sanyi tana gyara mayafi. Ta leƙa kujerar direba, ta dubi Tanimu kamar baƙo.

"Bawan Allah, ina ka sauke Malam?"