Fon Bayan Motar Baba

Ranar da Baba ya canza wa tsohuwar motar sojan da ya saya fon baya, wato tukunyar haƙoran da ke juya ƙafafu, ina zaune kusa da shi a gidanmu na Akokan, garin masu haƙar ma'adini, warin baƙin mai ya cika mini hanci. Daga jikin wata matacciyar mota ya ciro shi, wai ya fi namu ƙarfi.

"In wannan ya zauna, rairayi ba zai ƙara riƙe mu ba," in ji shi, yana tari. "Tahoua za mu koma, ki ga kakarki."

Bayan la'asar ya ɗora ni a gaba, ya tayar. Ko layinmu ba mu fita ba muka ji ƙara a ƙarƙashinmu, motar ta tsaya cik. Ya daɗe yana leƙawa, sannan ya zauna a ƙasa.

"Haƙoran gaba da na baya ba su jitu ba, ɗiyata. Sauko."

Tarin nan ya ɗauke shi a shekarar. Yau an rufe ramin ma'adinin, ni kuma ina nan da 'ya'yana, ban taɓa yi musu alkawarin zuwa ko'ina ba.