Golmon Japhet

Rana ba ta gama ɗagawa ba Japhet ya ci rabin gonar dawar surukansa. Golmo yake yi, noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya damina bayan damina kafin su ce ga matarka. A ƙasar Zuru daɗin baki ba ya kawo mace, sai garma. Shi kuwa Alice yake so, kuma bana ce daminarsa ta ƙarshe, in dai ba a sami abin kushewa a aikinsa ba.

Abokan golmonsa duk sun watsa masa ƙasa a ido. Mika bai zo ba, Ebenezer bai zo ba, kuma duk wanda Japhet ya tambaya ina suka shiga sai ya sunkuyar da kai. Ragwaye kawai. Bayansa na ciwo kamar an kirɓa shi a turmi, amma ya ɗora laifin a kan ƙasar, wadda ta yi tauri bana fiye da ƙima.

Babbar jarabarsa ita ce uwar yarinyar. Kullum tana gindin ɗorawa da kwanon kunu, ta zuba masa ido tana murmushi da bakin da haƙora suka yi ƙaura suka bar 'yan gadi. Har addu'a yake yi a coci kada Alice ta gaji wannan fuskar. Ita Alice ɗin kuwa an hana shi ganinta. In ya tambaya, sai tsohuwar ta ce, "Tana nan kusa. Kai dai gama kunyar nan."

Yau kuma ga sabon tashin hankali. Wani matashi mai wandon soja ya ajiye babur a bakin gona, ya durƙusa ya kira tsohuwar Mama. Tun ba a ba shi ba har ya fara Mama. Japhet ya san irinsu: su dawo daga bariki suna ƙamshin turare, su ɗauke yarinyar da wani ya yi shekaru yana zuba wa gumi. Shi kuwa Japhet da gaske yake son Alice, in ba ita ba sai rijiya.

Matashin ya tako ya kama ƙotar garmar. "Kawo in taya ka, ka huta."

"Tafi nemi taka gonar," in ji Japhet, ya fizge. "Wannan da mai ita."

Idon matashin ya kawo ruwa. Wai soja ke nan, tsawa ɗaya ta sa shi hawaye.

Duk da haka zuciyar Japhet ta ƙi kwanciya. Ya je gindin ɗorawa ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara. "Mama, ki gaya mini gaskiya. Za a ba ni ita?"

"Taka ce, ba mai ƙwace maka," ta ce. "Amma akwai gonar gyaɗa a bayan dutse."

Ya saɓa garma ya nufi bayan dutse yana waƙa.

Matashin ya bi shi da kallo. "Mama, har yaushe za ki bar shi a haka?"

Alice ta kurɓi kununta ta ce, "Rufe mini baki, Aaron. Tun da ubanka ya aure ni bai sake taɓa garma ba sai da tsufa ya mai da hankalinsa baya, don haka bar shi ya ci gaba da neman aurena har a yi girbi."